Sawun Kawu a Kan Kwali

Daga Allah muka zo, wurinSa kuma za mu koma. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya rasu a Guangzhou cikin sanyin da ya biyo bayan wasannin Olamfik na ƙasar Sin, a can kuma muka binne shi a maƙabartar Musulmin birnin. Na rubuta wannan ne don kada ƙasar da ta rufe shi ta rufe har da labarinsa, domin ko hoto ɗaya bai bari an ɗauke shi ba.

An yi zaman makoki a saman wani gidan abinci a Dengfeng, unguwar da baƙin fata suka fi kama haya. Kanawa suka cika ɗakin, mutanen Maraɗi da na Yamai suka tsaya har kan matakala. Mai gidan abincin, wata 'yar Ghana, ta dafa shinkafa ta ce wanda ya tambaye ta kuɗi ba ta yafe ba. Wata 'yar Sin mai shagon takalma a Zhanxi Lu, inda ake sarin takalma kusa da tashar jirgin ƙasa, ta zo da lemo a leda ta tsaya a bakin ƙofa, ta rasa yadda za ta yi da hannuwanta. Laoban kawai take ta maimaitawa, wato maigida, sunan da ta saba kiransa da shi. Babban amininsa, wani dattijo Bamaraɗe, ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin namiji ya yi ba.

"Shi ya tarbe ni ranar da na iso garin ga," in ji shi. "Ban san kowa ba, ban jin maganarsu. Ya dubi ƙahwata ya ce, kai tun jiya ba ka ci abinci ba. Wallahi gaskiya ya hwaɗi."

Ni ne ɗan'uwan mamaci, ni ya kamata a yi wa gaisuwa, kuma an yi mini. Amma da na zauna a kan tabarma, sai na ga mutane suna janye ƙafafunsu a hankali suna cusa su ƙarƙashin riga. Har shi dattijon, hawaye na zuba, sai da ya ja babbar rigarsa ya rufe yatsunsa. Na san dalili, kuma sai na ba da labarin dalilin kafin a gane wane ne Kawu.

Karatu ya kai ni Guangzhou, digiri na biyu a fannin nazarin zaman jama'a. Ranar da zan taso daga Kano, Umma ba ta ce in yi ƙoƙari ba, ba ta ce in kiyaye salla ba. Abu ɗaya ta ce: "Ka dawo mini da ƙanina." Kawu ya bar rumfarsa ta takalma a Kasuwar Wambai tun ina sakandare, da niyyar yin sari ya juyo, shi ke nan ba a sake ganinsa ba. Saƙo yana zuwa, kaya suna zuwa, muryarsa tana zuwa ta waya, shi ne dai ba ya zuwa. A gidanmu an daɗe da yanke hukunci cewa kurciya aka yi masa, sammun nan da ake ɗibar ƙasar sawun mutum a haɗa, ya bar garinsu ya kasa waiwaye.

Na same shi lafiyayye, da tumbinsa da barkwancinsa. Mutum ne da ba ya duban fuska sai ya gama da ƙafa. Yana cewa baki ya iya ƙarya, fuska ta iya, amma dunduniya ba ta je makaranta ba. Mai sarin takalma kwantena-kwantena, shi kuwa silifa ɗaya yake ja, wadda ta cinye har ta ɗauki siffar tafinsa. In ya shiga shago aka ce masa meyo, wato babu, sai ya zauna ya ce, "To ni ma meyo tafiya," har sai an shiga ciki an lalubo masa. Duk baƙon da ya sauka ba shi da masauki, ɗakin Kawu ne masaukinsa, kuma ba ya tambayar mutum ranar tashi. A bayan ƙofar ɗakin akwai jaka a ɗaure, da tsarabar kowa a ciki. In na ce, "Kawu, yaushe ne tafiya gida?" sai ya ce, "Bari wannan kwantenar ta tashi." In ta tashi, wata ce.

Bincikena a kan mutane irinsa ne, waɗanda suka zo sari suka maƙale. A shekarar Olamfik abin ya tsananta. Aka ƙuntata sabunta biza, wanda tasa ta ƙare ya zama ba shi da damar zama kuma ba shi da hanyar fita sai ta hannun hukuma. Ta Kawu ma ta mutu a lokacin. Na yi watanni ina yawo da rikoda a Xiaobei, tsakiyar kasuwancin 'yan Afirka, ina yi wa mutane tambayoyi. Kowa amsarsa ɗaya: lafiya lau, alhamdu lillahi, kasuwa sai godiya. Bahaushe ko a bakin kura yake, in ka ce yaya gida zai ce lafiya. Malamata a jami'a ta saurari kaset biyu ta ce in ajiye tambaya, in ba su abin da za su yi da hannunsu, zane ko wasa ko hoto, abin da baki ya ƙi faɗa hannu zai iya sakinsa. Hoto ba zai yiwu ba, domin wanda yake ɓuya ba ya ba da fuskarsa.

A ɗakin Kawu na samo dabarar. Mutanen gida ba su yarda da lambar takalmin Sin ba, saboda haka sai mutum ya taka takarda a zagaye ƙafarsa da biro, a aiko wa Kawu ya nemo daidai ita. Na ce to ga hoto marar fuska. Na tattaro kwalayen takalma na buɗe su, mutum ya taka, in zagaye masa, in ba shi alƙalami ya zana duk abin da ya ga dama a cikin sawun, ba suna ba lamba. Abin ya yi aiki fiye da zatona. Wani ya zana matakalar da yake bi ya gudu in an ƙwanƙwasa ƙofa. Wani ya zana jaririn da aka haifa masa bai gani ba, ya bar fuskar fari fat. Wani Bayamai ya cika sawunsa da zanen ruwa, shuɗi tun daga yatsa har dunduniya, ya ce shi ma bai san dalili ba. Mutanen da suka ce mini lafiya lau suka riƙa zama sa'a guda suna magana, idonsu a kan kwali.

Rigimarmu da Kawu ta faru ne a lokacin damshin nan na Guangzhou, da bango yake gumi, tufafi su ƙi bushewa. Na shimfiɗa kwalayen a ƙasan ɗakina don kada su yi funfuna, sahu-sahu, duk yatsu sun fuskanci taga. Da hantsi ya zo. Ya tura ƙofa, ya tsaya, ya yi sallama. Na amsa. Bai shigo ba, ya sake yin sallama, a hankali wannan karon.

"Na amsa, Kawu."

"Ba da kai nake ba," in ji shi.

Sai na juya na dubi ɗakin da idonsa. Mutane ne a tsaye cike da ɗaki, an jera su kamar za a ta da salla, ba abin da ya rage nasu sai inda suka taka.

"Ɗan nan, bokon ne ya ce ka ɗebi sawun mutane?"

Na ce zane ne, biro ne da kwali, kuma shi ma sana'arsa ke nan.

"Ni ana ba ni sawu in mayar da takalmi. Kai me kake mayar musu?"

Na ce ina mayar musu da murya, kamar yadda muke faɗa a aji. Ya yi dariyar da ta fi zagi ciwo, ya ce wanda ya ara mini wannan maganar ya zo ya karɓi abarsa. Ni ma da zuciyata, na ce mutumin da ya kasa hawa jirgi ba shi zai koya mini abin da ke kore mutum daga gari ba. Ban janye ba, shi ma bai janye ba. Ya ja silifarsa ya sauka, muka yi makonni ba ma ga maciji.

Ana wata sai ga wata. Mutanen da na zana suka fara ɓacewa. Mai matakala aka kama shi a bakin gadar Xiaobei. Mai jariri aka wayi gari ɗakinsa a buɗe, tukunyarsa a kan risho da sauran miya. Bayamai mai ruwa ya ce zai je ya karɓo kaya, ba a sake jin wayarsa ba. Ni na san abin da ke faruwa: ana bi gida-gida ana duba fasfo, wanda bai shiga hannu ba ya tsallaka garuruwan gefe ya kashe waya. Waɗanda ban taɓa zanawa ba ma suna ɓacewa haka. Amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Aka sa mini suna mai ɗibar sawu. A masallaci wanda ke kusa da ni sai ya bar tazara, ya ƙi haɗa ƙafa da ni a sahu. In na shiga wurin cin abinci sai hira ta mutu. Abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin shi ne, kwalayen waɗanda suka tafi sun fara lanƙwashewa ta wajen dunduniya, suna ɗagowa daga ƙasa kamar ƙafar da ta ɗauki taku. Damshi ne, na sani. Na ɗora musu littattafai, da na ɗauke suka sake ɗagowa.

Wata Juma'a bayan an sauko, ina zaune ni kaɗai a kusurwar gidan abincin 'yar Ghana, sai ga Kawu da kwali a hammata. Ya shimfiɗa shi a tsakiyar ɗaki, ya cire silifa, ya hau da ƙafa biyu.

"Malam Boko, zo ka ɗiba."

Dattijo Bamaraɗe ya miƙe. "Alhaji, kada ka yi! Ba ka ga abin da ya samu yaran ga ba?"

"Na gani. An ce abin nan yana fitar da mutum daga gari, ko ba haka ba? To ni shekara nawa ina neman abin da zai fitar da ni? In ya yi aiki, ku taya ni godiya. In bai yi ba, ku bar ɗan Yayata ya ci abincinsa cikin mutane."

Na durƙusa na zagaye ƙafafunsa. Sanyi ƙalau suke, ga faso a dunduniya. Biron ya goce, ya ce in natsu kada in ƙara masa yatsa na shida. Aka yi dariya, wadda aka daɗe ba a yi ba in ina wuri. Ban taɓa son mutum kamar yadda na so shi a wannan durƙuson ba.

Bai yi zanensa a gaban mutane ba. Bayan kwana biyu ya kira ni ɗakinsa da la'asar, ya haɗa shayi mai kanumfari, ya karɓi alƙalami. A sawun dama ya ja layi daga dunduniya zuwa babban yatsa, ya ce wannan lungunmu ne, daga bakin titi zuwa gida. Ya jera gidaje hagu da dama, bai manta ko ɗaya ba. Sai ya fara ɗiga baƙi a kansu. Nan mai unguwa. Nan liman. Nan wanzamin da ya yi masa kaciya. Nan abokinsa na makarantar allo, da matar abokin. Wani gidan ɗigo biyu, wani uku. Duk waɗanda suka mutu ne yana nan.

"Kowane ɗigo gaisuwa ce a kaina," in ji shi. "Ta waya na yi, amma zuwa da kai ya fi aike. In na sauka a bakin titin nan, ba zan wuce ƙofa ɗaya ba sai na tsaya. Yaushe zan isa gida?"

Ya kai alƙalamin kan babban yatsa, inda gidanmu yake, ya riƙe shi a sama bai sauke ba. A nan kakata, mahaifiyarsu, ta rasu shekara biyu da tafiyarsa, tana tambaya ko ya iso.

"Ana cewa kurciya. Ina ma ita ce, da sai a karya. Ni ɗakin Inna ne ba zan iya gani a rufe ba. Muddin ina nan, tana can a kan tabarmarta tana jiran in kawo mata takalmi mai laushi."

Sannan ya ɗiga. Ya danna har tawadar ta huda kwalin. Sawun hagu kuwa ya bar shi fari, ya ce wannan na dawowa ne, ba a zana abin da ba a taka ba tukuna.

Abin da watanni na tambaya ba su fitar ba ke nan, kuma abin da Umma ta yi shekaru tana nema a wurin malamai. Na tabbata shi kansa bai taɓa jin maganar da kunnensa ba sai ranar. Daga nan ya canza. Ya daina karɓar sabon aiki. Ya ce da zarar an gama wasannin, hankalin hukuma ya kwanta, zai kai kansa, a yi masa abin da ake yi wa wanda ya wuce wa'adi, a sa shi a jirgi. Ya kwance jakar bayan ƙofa ya fitar da tsarabar waɗanda suka mutu ya rabar, ya sake ɗaurewa, ta koma rabinta. Na buga wa Umma na ce ta fara shiri. Ta yi guɗa a waya har sai da na janye ta daga kunnena.

Aka gama wasanni, ya tsaya sallamar masu kaya, don ya ce ba zai bar kayan kowa a hanya ba. Sanyi ya shigo, tari ya kama shi. Na ce mu je asibiti, ya ce asibiti fasfo za su fara tambaya, shi kuma yana so ya kai kansa da ƙafarsa, kada a ɗauke shi daga kan gado. Muka yi ta jan magana, yau da sauƙi, gobe da sauƙi. Wata safiya na kawo masa koko na tarar ya yi sallar asuba ya jingina da bango, silifarsa a ƙafa, a cikin ɗaki, shi da ko baƙo ba ya bari ya shigo masa da takalmi. Jikinsa da sauran ɗumi.

Shi ya sa aka rufe ƙafafu a wurin makoki. A ganinsu abin ya yi aiki, ya fitar da shi daga gari, ta ƙofar da ba a dawowa. Ban yi musu da kowa ba, kuma har yau ban yarda biro ya kashe Kawu ba. Amma da na koma ɗakina na tarar kwalinsa shi ma ya ɗaga dunduniya, ban ɗora masa littafi ba.

Da na kammala, jami'a ta baje kwalayen a wani zaure, a ƙasa, yadda na saba jera su. Masu kallo suka riƙa rage murya da sun shigo, wasu suna zagayawa ta gefe don kada su gitta ta gaban sahu. Na Kawu ba ya ciki. Na gaya wa malamata wannan yana da inda za shi, ta ce in bar gurbinsa a buɗe, haka aka yi.

Na iso Kano da shi a tsakanin riguna. Umma ta karɓe ni, ta dubi bayana kamar mai jiran wani ya biyo ni da kaya, sannan ta zauna. Na fito da kwalin na yi mata bayanin layin da ɗige-ɗigen, da abin da ya faɗa a kan ɗakin Inna. Ta daɗe tana bin lungun da yatsa, tana kiran sunan kowane gida. Sai ta tashi ta yafa mayafi, ta naɗe kwalin a cikin sallaya ta rungume.

"Tashi mu je."

"Ina, Umma?"

"Gaisuwa. Ba ka ji abin da ya hana shi isowa ba?"

Muka fara daga bakin titi. Kowace ƙofa mai ɗigo sai ta yi sallama, ta zauna, ta ɗora sallayar a cinya ta ce, "Ƙanina ne ya zo yi muku gaisuwa, ya makara, ku yafe masa." Wasu suka ɗauka baƙin ciki ya taɓa ta. Matar liman kuwa, tsohuwa tukuf, ta shafa sallayar ta ce, "An gode, Alhaji, ya hanya?" Aka yi masa addu'a a kowane gida, Allah Ya jiƙansa, Ya sa ƙasar baƙunta ta yi masa sauƙi, Ya haɗa shi da iyayensa a inda ba a rabuwa. Na ce amin har muryata ta dushe.

Rana ta yi sanyi muka iso gida. Umma ta ɗauko mabuɗi ta buɗe ɗakin Inna, ta ce in ajiye shi. Na warware sallayar na shimfiɗa kwalin a tsakar ɗakin yadda hannuna ya kai, yatsun suna duban ƙofa.

"Kai!" Ta daka mini tsawar da rabona da ita tun ina yaro. "Yanzu ya shigo za ka sake fitar mini da shi?"

Ta durƙusa da kanta ta juya shi, yatsun suka fuskanci gadon Inna. Ta danne dunduniyar da tafin hannunta har kwalin ya kwanta.

"Zauna," ta ce masa. "Ka iso."